Tsibirin Ambergris: Inda Amurkawa Ke Sauka da Inda 'Yan Gari Ke Komawa

A arewa maso gabashin ƙasar Beliz da ke Amurka ta Tsakiya, cikin Tekun Karibiyan, akwai wani siririn tsibiri mai tsawon kimanin kilomita 40, wanda faɗinsa a wurare da yawa bai kai kilomita 2 ba. Ana kiransa Ambergris Caye, kuma sunan ya samo asali ne daga anbar, abin nan mai tsada da ke fitowa daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku, wanda masu haɗa turare suka daɗe da saninsa. Gari ɗaya ne tak a tsibirin, wato San Pedro, kuma ƙidayar shekarar 2010 ta samu mutum kusan dubu 12 a cikinsa, a ƙasar da har zuwa ƙidayar 2022 jama'arta ba su cika dubu 400 ba. Duk da ƙanƙantarsa, wannan tsibiri yana cikin wuraren da Amurkawa masu barin gida suka fi tururuwa zuwa gare su a yankin, kuma ƙanƙantar ce ta sa ya dace da nazari, domin a fili irin wannan babu abin da ke ɓuya: ana ganin inda baƙo ya gina gidansa, ana ganin inda yake hira da yamma, ana kuma ganin inda wanda ya gina masa gidan yake kwana.

Abin da mutum zai fara zato shi ne kyawun ruwa da farin yashi ne ke jan su, kuma lallai akwai su. To amma tsibirai masu kyau suna da yawa a Karibiyan, kuma ba kowanne ne ya cika da Amurkawa ba. Beliz tana da wasu abubuwa da maƙwabtanta ba su da su. Tsohuwar ƙasar mulkin mallakar Birtaniya ce da ta samu 'yancin kai ranar 21 ga Satumba 1981, don haka Ingilishi ne harshen hukuma, da shi ake rubuta takardar sayen fili, da shi ake shari'a, kuma tsarin shari'ar na Ingila ne, wanda Ba'amurke ya saba da irinsa. Kuɗin ƙasar a ɗaure yake da na Amurka, dalar Beliz 2 a kan dalar Amurka 1, kuma an yi shekaru da dama a haka ba tare da canji ba, har masu shaguna sukan karɓi kowanne daga cikinsu ba tare da wata muhawara ba. Daga Miami ko Houston tafiyar jirgin sama ce ta awa biyu zuwa biyu da rabi zuwa birnin Beliz, daga can kuma ƙaramin jirgi yakan kai mutum San Pedro cikin kusan minti 15, jirgin ruwa kuma cikin kimanin awa ɗaya da rabi.

Amma babban al'amari, wanda a ganina shi ne ginshiƙin komai, shi ne dokar ƙasa. A Beliz baƙo yana iya sayen fili ya mallake shi da sunansa, mallaka cikakkiya irin ta ɗan ƙasa, ya sayar ko ya bar wa magada, tun bayan da aka soke dokar da ke taƙaita mallakar baƙi a shekarar 2001. Bambancin da ya rage shi ne kuɗin hatimi da ake biya wa hukuma lokacin saye, inda baƙo ke biyan kashi 8 cikin ɗari, ɗan ƙasa kuma kashi 5. Idan aka kwatanta da wasu wurare za a ga girman wannan. A Meksiko, wadda ke manne da arewacin tsibirin har wata 'yar mashiga ce kawai da ake danganta haƙa ta ga mutanen Maya na da, wato 'yan asalin yankin, ta raba su, baƙo ba ya mallakar fili kai tsaye a cikin kilomita 50 daga bakin teku, sai ta hanyar amana a hannun banki. A Tailan da Indonesiya da Filifin kuwa baƙo ba ya mallakar ƙasa da sunansa irin yadda ɗan ƙasa ke yi. Mutumin da ya sayar da gidansa a Texas ko Ohio yana son takarda mai ɗauke da sunansa a harshen da yake karantawa, kuma a San Pedro yana samun ta. Wannan sauƙin ya jawo macuta ma: a shekarar 2018 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta kai ƙarar wani shirin sayar da filaye a kudancin Beliz mai suna Sanctuary Belize, bisa zargin karɓar fiye da dala miliyan 100 daga Amurkawa, akasarinsu masu shirin ritaya, da alkawuran gine-ginen da ba a cika ba. Shirin ba a tsibirin yake ba, amma labarinsa yana cikin abin da tsofaffin mazauna ke jan kunnen sabon zuwa da shi.

Hanyoyin zama kuwa uku ne. Ba'amurke yakan shiga da izinin kwana 30, sannan ya riƙa zuwa ofishin shige da fice duk wata yana biyan kuɗi ana ƙara masa, kuma akwai masu shafe shekaru a haka. Wanda ya zauna shekara guda ba tare da ya fita ƙasar fiye da kwana 14 ba yana iya neman izinin zama na dindindin. Hanya ta uku ita ce shirin 'yan fansho da ake kira QRP, wanda aka kafa da dokar shekarar 1999, kuma hukumar yawon buɗe ido ce ke gudanar da shi. An fara shi da sharaɗin mutum ya kai shekara 45, ya kuma nuna yana da kuɗin shiga na dala 2,000 na Amurka a kowane wata daga wajen ƙasar. A madadin haka ba a karɓar haraji a kan wannan kuɗi, ana yafe masa kuɗin fito a kan kayan gida da mota da jirgin ruwa, amma ba a yarda ya nemi aikin albashi a cikin ƙasar ba.

Yana da kyau a tsaya a kan wannan adadi, domin a nan ne tazarar take. Matsakaicin fanshon da gwamnatin Amurka ke biyan tsofaffinta a shekarar 2024 ya kai kusan dala 1,900 a wata, kuɗin da a manyan biranen Amurka da ƙyar yake isar mutum biyan haya da abinci. Dala 2,000 a Beliz kuwa dala 4,000 ce ta gida. A Janairun 2023 an mayar da mafi ƙarancin albashi a ƙasar dala 5 ta Beliz a awa, kuma wanda ya yi awa 45 a mako a kan wannan kuɗi bai kai ga dala 1,000 a wata ba. Ma'ana, Ba'amurken da ya shigo da mafi ƙarancin abin da doka ta nema, wanda a garinsu ba za a kira shi mai hali ba, ya ninka mai share masa ɗaki sau huɗu, kuma su biyun a kasuwa ɗaya suke neman gidan haya.

Amurkawan kansu ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu zuwa daga Nuwamba ko Disamba su koma a Afrilu, domin gudun sanyin arewacin Amurka, kuma idan aka duba da kyau waɗannan 'yan ci-rani ne, sai dai ɗan ci-ranin da muka sani yana barin gida ne don ya samo kuɗi, su kuwa suna barin gida ne da kuɗin a hannu. Akwai 'yan fansho da suka tattara komai suka tare gaba ɗaya. Akwai kuma masu sauran ƙarfi da suka buɗe gidan abinci ko masauki ko shagon koyar da nutso, ko suka zama dillalan gidaje, ko suke yi wa kamfanonin Amurka aiki ta intanet, abin da daidaiton agogon Beliz da na tsakiyar Amurka ya sauƙaƙa. Dukkansu suna kiran kansu da kalmar ekspat, wato mai zaune a wajen ƙasarsa, 'yan gari kuma sukan ce musu giringo. Magina da masu wanki da suka zo daga Gwatemala da Honduras da Salbado su ma baƙi ne a tsibirin, su ma barin gida suka yi, amma ba wanda ke ba su wannan suna na farko. Su 'yan gudun neman abinci ake ɗaukarsu. Ban ga wani abin da ya raba sunayen biyu ba in ban da fasfo da aljihu.

Mutanen da suka iske a wurin suna da nasu tarihin. Asalin San Pedro 'yan gudun hijira ne masu jin Sifaniyanci da suka tsere daga yaƙin da ya ɓarke a yankin Yukatan na Meksiko a 1847, suka sauka a tsibirin a shekarun da suka biyo baya. Tarihin garin ya nuna cewa a 1869 wani mutum mai suna James Blake ya sayi tsibirin a kan dala 625, kuma iyalinsa suka daɗe suna riƙe da shi ana noman kwakwa, har guguwa ta rusa gonakin a tsakiyar ƙarni na 20. Daga nan jama'a suka koma kamun lobsta, wato ƙaton jatan landen nan mai tsada, suka kafa ƙungiyar haɗin kai ta masunta mai suna Caribeña a farkon shekarun 1960, wadda ta ba su damar sayar da kamunsu waje ba tare da 'yan tsakiya sun cinye ribar ba. Otal na farko ya buɗe a 1965, kuma a 1984 aka ɗaga ƙauyen ya zama gari. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: iyalai da yawa na asali sun amfana, sun sayar da filaye da hannunsu, sun mallaki otal da jiragen ruwa da shaguna, 'ya'yan masunta sun zama masu jagorantar baƙi cikin teku. Waɗanda nauyin ya fi faɗawa a kansu su ne ma'aikatan da suka biyo bayan bunƙasar daga sauran sassan Beliz da maƙwabta.

Tsakiyar garin tituna uku ne a jere da bakin teku, waɗanda har yau jama'a ke kira titin gaba da na tsakiya da na baya, ko da yake an yi musu sunaye na hukuma. A nan bankuna da coci da dandali da shaguna suke, filin saukar jirgi ma a cikin gari yake, kuma cunkoson ƙananan motocin filin golf, waɗanda su ne abin hawan kowa, ya sa Amurkawa kaɗan ne ke son kwana a wurin, sai dai su shigo sayayya. Waɗanda suka fara zuwa sun bazu ne zuwa kudu, ta titin Coconut Drive, inda aka jera benaye da ake sayar da su sashe-sashe, kowa da nasa ɗakunan amma wurin wanka da mai gadi na tarayya ne. Arewa kuwa ta daɗe a yanke, domin wani rafi mai suna Boca del Rio ya raba ta da gari, kuma ana ƙetare shi ne da wani kwale-kwale da ake ja da igiya da hannu. A shekarar 2006 aka buɗe gada a kan rafin, wadda aka sa wa sunan attajirin ƙasar Sir Barry Bowen, daga baya aka riƙa shimfiɗa hanyar kankare zuwa arewa, kuma duk inda hanyar ta kai, farashin fili ya tashi, manyan gidaje da masaukai suka biyo.

Sai dai rabuwar da ta fi muhimmanci ita ce ta gabas da yamma. A gabas ake da buɗaɗɗen teku da iska mai korar sauro da zafi, kuma ƙasa da kilomita ɗaya daga gaɓa ake hango farin kumfa a kan doguwar katangar murjani ta Beliz, wato jerin duwatsun cikin teku da wasu ƙananan halittu ke ginawa, wadda ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso. Wannan gefe shi ne mai tsada, kuma nan baƙi suka kama. Doka ta ce ƙafa 66 daga bakin ruwa na jama'a ne, kowa yana da ikon wucewa, amma katanga da gadojin katako da kujerun masaukai sun matse wannan fili a wurare da yawa, kuma ana yawan taƙaddama a kai. A yamma kuwa ruwa ne kwance da fadamar gishiri mai itatuwa masu saiwa a cikin ruwa, kuma a nan unguwannin ma'aikata irin su San Pedrito da DFC da San Mateo suka tashi. San Mateo tana nan da zarar an sauka daga gadar nan zuwa arewa, a hannun hagu. An raba wa mutane filaye a cikin ruwa, suka kafa gidajen katako a kan turaku, suka riƙa cike fadamar da shara da ɓaraguzai, kuma shekaru da yawa hanyar shiga gidajen faifan katako ne da aka jera a kan ruwa, babu titi, babu magudanar bayan gida. An samu gyara tun daga lokacin, an yi hanyoyi, an kai lantarki da ruwa sassa da dama, amma duk mai tafiya gidansa na bakin teku a arewa sai ya wuce ta bakin unguwar.

Bahaushe ya san unguwar baƙi, domin shi ma ya kafa zango a Kumasi da Accra da wasu garuruwa masu nisa, inda mai zuwa yakan sauka wurin waɗanda suka riga shi, ya samu harshensa da abincinsa da wanda zai nuna masa gari. Wannan buƙata ta ɗan Adam ce, kuma ban ga laifin Ba'amurke ba idan ya nemi ɗan'uwansa a baƙuwar ƙasa. Inda lamarin ya bambanta shi ne mutanen zango sun sauka ne a filin da masu gari suka yanka musu, galibi a gefen gari, a ƙarƙashin ikon sarakunan wurin. A Ambergris kuɗin baƙo ne ya zaɓi fili, ya ɗauki mafi kyau, kuma masu aiki ne suka koma gefe.

Wuraren haɗuwarsu suna bin wannan taswira. Saboda ciyawa ta rufe ƙasan ruwan da ke kusa da gaɓar gabas, ana yin iyo ne daga ƙarshen gadojin katako da ke shiga teku, kuma a kan irin waɗannan gadoji ake kafa mashaya da gidajen abinci masu rufin ganye. Kowane dare na mako yana da wurinsa: yau gasar tambayoyi a nan, gobe kiɗa a can, ranar Lahadi gashin nama a bakin ruwa. Akwai wata caca da ta shahara a daren Alhamis, inda ake sakin kaza a kan allo mai lambobi, wanda ya sayi lambar da ta yi kashi a kai shi ne ya ci. A arewacin gada akwai wani dandalin abinci da aka haɗa da kwantenonin jirgin ruwa, wanda ake kira Truck Stop, inda iyalan baƙi ke taruwa. Bukukuwan gida ma suna biyo su, kamar 4 ga Yuli ranar 'yancin Amurka, da bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, da wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a watan Fabrairu, wanda ke cika kowace mashaya mai talabijin. Tun daga 2011 wata jar ciyawar teku da ake kira sargasum ta fara taruwa a gaɓoɓin Karibiyan tana ruɓewa da wari, ta yi tsanani a 2015 da 2018, kuma wannan ya taimaka wajen karkata hankali zuwa wani wuri a arewa maso yammacin tsibirin da ake kira Secret Beach, wanda ciyawar ba ta kaiwa. Tafiyar kusan minti 45 ce daga gari, kuma cikin 'yan shekaru ya tashi daga kango ya cika da mashaya da allunan tallar filaye. Wato yammar da aka bar wa talaka ita ma kuɗi ya fara shigarta.

Ba a mashaya kawai ake haɗuwa ba, kuma rashin adalci ne a nuna haka. Da yawa daga cikin 'yan fansho suna ba da lokacinsu ga ƙungiyar Rotary, da ƙungiyar Saga mai kula da karnuka da kyanwoyi marasa gata, da tara kuɗin makaranta da na asibiti ga mabuƙata. Makarantar Holy Cross ta cocin Anglika, wadda aka buɗe a 2006 a bakin San Mateo, ta dogara sosai da gudummawa da 'yan sa-kai daga Amurka, kuma ɗaruruwan yaran unguwar sun yi karatu a cikinta. A irin waɗannan wurare, da coci, da jiragen kamun kifi, da auratayya da ake samu jefi-jefi, ake ƙulla zumunci na gaske tsakanin baƙo da ɗan gari. Babban dandalin yau da kullum kuwa shi ne zaurukan Facebook, inda ake tambayar mai gyaran famfo, ana sayar da tsohuwar firji, ana ba da labarin ɗaukewar wuta. Duk da haka akwai iyaka, kuma harshe ne ke shata ta. Ingilishin da ya sauƙaƙa wa Ba'amurke shigowa shi ne kuma ke hana shi zurfafawa, domin a gida da kasuwa da wurin gini Sifaniyanci da Kiriyol, wato harshen gida da ya samo asali daga Ingilishi, ake yi, kuma tunda babu abin da ya tilasta masa koyon su, yana iya shafe shekara goma bai taɓa fahimtar hirar da ake yi a gabansa ba. Sai da ɗan gari akan ci gari, amma da yawa daga cikinsu ɗan garin da suka sani shi ne wanda suke biya.

Rayuwar tsibirin kanta ba ta da arha kamar yadda masu talla ke nunawa, kuma nan ne wuri mafi tsada a ƙasar, shi ya sa masu ƙaramin fansho sukan zarce Corozal ko Cayo a babban yankin. Kusan komai, daga siminti zuwa tumatir, a jirgin dakon kaya yake zuwa. Lantarki ta ƙarƙashin teku ake jawo shi da waya, ruwan famfo daga ruwan gishiri ake tace shi, gidajen da bututu bai kai ba kuma suna tara ruwan sama a manyan tankuna. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne, kuma tsofaffin mazauna ba su manta da guguwar Keith ba, wadda ta tsaya a kan tsibirin a farkon Oktoban 2000 ta yi ɓarna mai yawa. Itatuwan fadamar da ake sarewa don cike fili su ne garkuwar gaɓa daga irin wannan guguwa, su ne kuma wurin renon ƙananan kifaye da ke ciyar da katangar murjani. Hukumar UNESCO ta sanya katangar cikin wuraren tarihi na duniya a 1996, ta mayar da ita jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2009, musamman saboda sare waɗannan itatuwa da gine-gine, sannan ta cire ta a 2018 bayan gwamnati ta hana haƙar mai a cikin teku ta kuma ƙarfafa dokar kare su. Wurin kiyaye halittun ruwa na Hol Chan, wanda aka kafa a 1987 a kudancin tsibirin, shi ne abincin ɗaruruwan masu jagorantar baƙi, kuma lafiyarsa a ɗaure take da abin da ake zubarwa a fadamar.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma Amurka ba ta barin 'ya'yanta ta fuskar haraji. Ita da Eritiriya ne ƙasashen da aka sani da ɗora wa ɗan ƙasa haraji ko ina yake zaune, don haka Ba'amurken San Pedro yana cika takardar haraji duk shekara, ko da an yafe masa wani kaso na abin da ya samu da aikinsa a waje, wanda ya kai dala 126,500 a 2024. Idan kuɗinsa a bankunan waje ya haura dala 10,000 dole ya sanar, kuma dokar FATCA ta 2010 ta wajabta wa bankunan ƙetare su ma su ba da rahoton asusunsa, abin da ya sa buɗe asusu ke ɗaukar lokaci. Fanshonsa yana biyo shi, amma Medicare, inshorar lafiyar da gwamnati ke ba wa waɗanda suka kai shekara 65, ba ta biyan magani a wajen Amurka sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Ƙananan asibitocin tsibirin suna iya ɗaukar zazzaɓi da rauni, amma bugun zuciya ko babban aiki sai an tashi mutum zuwa birnin Beliz, ko Chetumal da Merida a Meksiko, ko Houston. Wannan ne ke yanke zaman da yawa daga cikinsu: mutum ya zo yana da shekara 62 da ƙarfinsa, bayan wasu shekaru ciwo ya kama shi ko abokiyar zamansa, ko kewar jikoki ta yi yawa, sai su tattara su koma. Gidan da suka bari ana sa masa farashi ne da dalar Amurka, a tallata shi a intanet ga masu saye na waje, kuma kafin a samu mai saye akan mayar da shi masaukin 'yan yawon buɗe ido da ake biya kwana-kwana, wanda kuɗin dare ɗaya a cikinsa yakan kai ko ya wuce abin da mai share shi ke samu a mako.